Yanyawar Amurka Mai Hawan Itace

Duk manomin da ya taɓa kwana a gona ya san dila da yanyawa. Amma ko kun taɓa jin yanyawar da ke hawan itace kamar kyanwa? Akwai ta a ƙasashen Amurka, kuma ana kiranta yanyawa mai launin toka. Tana zaune tun daga kudancin Kanada, cikin Amurka da Meziko, har zuwa arewacin Kolombiya da Benezuwela. Wani masani Bajamushe mai suna Schreber ne ya rubuta bayaninta a shekarar 1775.

Kamanninta

Ba ta kai karen gida girma ba. Nauyinta daga kilo 3 da rabi zuwa kilo 7 ne. Bayanta toka-toka ne, wuyanta da ƙafafunta ja-ja, maƙogwaro da ciki kuwa fari. Akwai baƙin layi a kan wutsiyarta har zuwa ƙarshe. Da wannan ake bambanta ta da jar yanyawa, wadda bakin wutsiyarta fari ne.

Yadda take hawan itace

Faratanta masu ƙarfi ne, a lanƙwashe kamar ƙugiya. Tana iya juya ƙafafunta na gaba fiye da sauran dangin kare. Sai ta rungumi gindin itace da ƙafafun gaba, ta tura jikinta sama da na baya. Wannan baiwa ita ce ke cetonta. Babban abokin gābanta shi ne koyoti, wani irin dila na can wanda ya fi ta girma da ƙarfi. In ya biyo ta, sai ta haye itace ta bar shi a ƙasa. A cikin dangin kare duka, wata dabba ɗaya ce kawai ta gabashin Asiya ke yin hawa irin nata.

Abincinta da haihuwarta

Da almuru da dare take fita neman abinci. Tana cin zomaye da ɓeraye da tsuntsaye, da fara da gyare. In 'ya'yan itatuwa suka nuna, su ma takan ci, har da masara. Takan haihu sau ɗaya a shekara, a kogon itace ko tsaguwar dutse ko tarin itace. Cikinta kamar kwana 53 ne, kuma yawanci 'ya'ya 3 ko 4 take haifa. Namijin yana kawo wa uwar abinci. Bayan wata 3 'ya'yan sukan fara bin iyayensu farauta.

Amfaninta da haɗarinta

Gaskiya ne takan kama kaza in ta sami akurki a buɗe. Amma ɓerayen da take ci a gona ba kaɗan ba ne. Manomin da ya kashe ta duka, ya yi wa ɓera aiki ne.

Babban haɗarinta shi ne ciwon haukan kare. A jihar Texas ciwon ya bazu cikin waɗannan dabbobi. Maimakon a ƙarar da su, a shekarar 1996 hukuma ta fara zuba abinci mai maganin rigakafi daga jirgin sama. Dabbobin suka ci, ciwon ya ragu ƙwarai.

Abin tunawa

Wannan dabba ba ta ƙasarmu, amma ɓera da ciwon hauka muna da su. Ku rufe akurkin kajinku sosai da dare. Ku kai karnukanku wurin malamin dabbobi a yi musu allura. In kuka ga dila ko yanyawa da rana tana tangaɗi, ba ta gudun mutane, kada yara su matsa kusa. Wanda dabba ta ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Rigakafi ya fi magani.