Karatun Koleji a Keita: Allo, Fitila da Gidan Masauki

Da zarar watan Oktoba ya kama, yara daga ƙauyukan da ke kewayen Garhanga, Ibohamane da Tamaske sukan ɗaure ƴan kayansu su nufi garin da koleji yake. Da yawansu ba su da kowa a can sai mai masauki, wato ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya karɓe su saboda zumunci. Shekara 4 ke gabansu kafin jarrabawar burbe, sannan 3 a lise kafin bak. Ba kowa ke kaiwa ba, kuma sau da yawa ba rashin basira ke kada yaro ba, rashin sanin yadda ake karatun ne.

Babban tarko shi ne hadda. Yaron da ya tashi a makarantar allo ya iya riƙe shafi guda a ka, wannan kuwa baiwa ce. Amma darasin koleji da Faransanci ake yin sa, harshen da ba a ji a gida, don haka sai ka tarar ɗalibi ya haddace kaye sarai, in mushe ya juya tambayar kaɗan sai ya yi tsuru-tsuru. Waɗanda ke cin nasara wata hanya suke bi. Sukan haɗu su 4 ko 5, su sami katako su shafa masa baƙin fenti, su jingina shi a zaure. Ɗaya ya rufe kayensa ya tashi ya bayyana darasin da Hausa, sauran su tsare shi da tambayoyi, sannan kowa ya rubuta amsar da Faransanci. Wanda ya kasa bayani a gaban abokansa ya ga raminsa tun da sauran lokacin cikewa. Lissafi kuwa ba a karanta shi da ido, sai da alli a hannu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Darasin yau, yau ake bitarsa, ko da a hasken fitila ne, a sake dubawa bayan sallar asuba. Wanda ya ce sai jarrabawa ta matso zai gamu da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da a Adar ko zama cikin ɗaki aiki ne. Watannin ɗari su ne daminar ɗalibi. Wanda ya saba da haka ba zai sha mamaki ba in ya isa jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, inda ake raba shekara zango biyu, kowane da jarrabawarsa, babu kuma mai bin sa da bulala.

Sai dai duk wannan yana hannun mai masauki. Yaron da aka ajiye tsaron shago har dare, ko aka tura garkar albasa ran da babu aji, yaushe zai buɗe kaye? Ta ƴan mata ta fi muni: ɗiban ruwa, daka, wanke-wanke, kafin su zauna barci ya ci ƙarfinsu. Ba a ce baƙo ya zauna hannu rabbana ba. Amma awa 2 bayan isha'i, da fitila, da tambayar maki nawa ya samu bisa 20 in an raba takardu, ba su fi ƙarfin maigida ba.