Ba kowane kare mai zubar gashi ne mahaukaci ba

A garuruwan da ke bakin dajin Falgore, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, karen farauta dukiya ne. Amma da zarar an ga gashinsa na kakkaɓewa, ya yi tumbi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai a fara raɗe-raɗin ya haukace, yara su bi shi da jifa.

Wannan zato ya yi nisa da gaskiya. Kare mai ciwon hauka haɗiya ma gagararsa take yi, kuma da wuya ya wuce kwana 10 bayan alamun sun bayyana. Wanda ya shafe watanni yana ci yana sha yana fitsari barkatai, damuwarsa daban ce. A dubi fatarsa: ƙazwa tana sa susa, shi kuwa wannan karen, gashin ɓangarorin jikinsa biyu ne ke zuba daidai wa daida, ba ƙaiƙayi.

Ga tushen damuwar: kusa da kowace ƙoda akwai wani ɗan kullutu mai fitar da homon ɗin da ake kira kotisol. Idan kotisol ya yi yawa a jini, tsoka ta saki, ciki ya zazzago, fata ta yi laushi. Likitan Amurka Harvey Cushing ne ya fayyace wannan cuta a jikin mutane a 1932. Wani lokaci ƙari ne ke jawo ta. Abin takaici, sau da yawa mai karen ne da hannunsa, ta hanyar ɗirka masa dexamethasone, ƙwayar nan da ake yi wa kirari da sha-ka-fashe, don ya yi ƙiba ko ya daina susa. Ƙarfinta ya ninka na kotisol kusan sau 25. Kyanwa kuwa, irin waɗannan magunguna kan jefa ta cikin ciwon sukari.

Haɗarin ma yana wajen dainawa. Kullutun nan kamar manomi ne da aka saba masa da kyautar hatsi har fartanyarsa ta yi tsatsa. Ranar da aka yanke kyautar, yunwa ce. Karen da aka katse wa ƙwayar farat ɗaya yana iya yanke jiki ya mutu. Da sannu ake rage ta, bisa umarnin likitan dabbobi, ko da sai an dangana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Maganin da bai kamata a bayar ba sai da takardar likita, ga shi a faranti ranar kasuwa, hukuma na kallo.