Harshe da Lokaci a Kula da Masu Toshewar Jijiyar Zuciya: Nazari daga Ƙasar Kagoma da Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba matakan da za su kyautata kulawar asibiti ga wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, tare da nuna cewa matakin farko na harshe ne. An ɗauki ƙasar Kagoma ta Ƙaramar Hukumar Jama'a a matsayin misali. Al'ummarta Gwong ne, harshensu Gyong, amma in sun isa asibiti a Kafanchan yawanci da Hausa suke bayyana ciwonsu, kamar yadda Bajju da Atyap da Ham da Fantswam ke yi. Wato sau da yawa maras lafiya da ma'aikacin jinya suna haɗuwa ne a harshen da babu ɗayansu da ya tsotsa a nono.

2.0 Cutar da Sunanta

Tsokar zuciya na samun jini ta wasu jijiyoyi da suka kewaye ta. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu, ya fashe, gudan jini ya toshe hanyar, sai tsokar da ke gaba ta fara mutuwa. Abin da ya mutu ba ya dawowa, kuma ɓarnar na ƙaruwa da kowace sa'a.

A da, likitocin Arewa ba su cika ganin wannan cuta ba. Abin da Davidson da Parry suka nazarta a Zariya a shekarun 1970 gazawar zuciya ce ta masu jego, wadda suka danganta da kunun kanwa da wankan jego. Yawaitar hawan jini da ciwon sukari da shan taba ta sauya lamarin. Rajistar RACE-Nigeria, wadda Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato ya jagoranta, aka buga sakamakonta a 2022, ta ƙunshi marasa lafiya fiye da 1,000, ta kuma nuna cewa isowa asibiti a makare na cikin manyan matsaloli.

A nan ne harshe ya shigo. Kalmar "zuciya" a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. "Ciwon zuciya" na iya nufin cutar gaɓar kanta, yana kuma iya nufin takaici. "Tashin zuciya" jin amai ne. "Bugun zuciya", wanda kafafen watsa labarai ke fassara wannan cuta da shi, asalinsa motsin da zuciyar kowane mai rai ke yi ne. Shi kuwa mai ciwon da wuya ya ambaci zuciya. Zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko an danne shi, ko ƙwannafi ya taso masa, ko olsarsa ta motsa. Ma'aikacin da ya karɓi kalmar "olsa" yadda ta zo zai ba da maganin ciki ya sallame shi. A ganinmu "toshewar jijiyar zuciya" ta fi dacewa, domin ta faɗi abin da ya faru, ta kuma bambanta shi da "gazawar zuciya" da "tsayawar zuciya".

Saboda haka tambayar "me ke damunka?" ba ta wadatar ba. Sai a bi ta da wasu: ciwon suka ne ko dannewa? Ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi? An yi gumi ba tare da zafi ba? Yaushe ya fara? Ta ƙarshen ta fi wuyar amsa, don mutanen karkara kan ce "bayan mun dawo daga gona" ko "kafin asuba", ma'aikaci ne zai mayar da wannan zuwa ƙarfe kaza. A tuna kuma cewa mata da tsofaffi da masu ciwon sukari na iya zuwa da haki da kasala kawai.

3.0 Abin da Asibiti zai Yi

Ƙa'idojin da likitocin zuciya suka yarda da su sun tanadi a auna mai ciwon ƙirji da na'urar zana lantarkin zuciya, wato isiji, cikin minti 10 da isowarsa. Idan zato ya yi ƙarfi, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, muddin babu abin da ya hana. Idan zanen ya nuna cikakkiyar toshewa, kuma ba za a iya kai shi inda ake buɗe jijiya da siririn bututu cikin minti 120 ba, sai a yi masa allurar narka gudan jini. Amfaninta ya fi yawa a sa'o'i biyu na farko, bayan sa'a 12 kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai. Binciken ISIS-2 na 1988, mai marasa lafiya fiye da 17,000, ya nuna asfirin kaɗai ya rage mace-mace da wajen kashi 23 cikin ɗari, haɗa shi da allurar kuma ya rage da wajen kashi 42.

Babban asibitin yankin shi ne na Kafanchan, wanda aka sa wa sunan Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, haifaffen Fadan Kagoma da ya rasu a 2012. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Wannan ya ba da damar yin koyi da tsarin jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda aka haɗa ƙananan asibitoci da babba: a yi awon isiji a ƙauye, a aika hotonsa ta waya ga likitan da zai karanta, a fara magani kafin mota ta tashi. Kafanchan za ta zama uwa ga ɗakunan shan magani na Kagoma da kewaye, asibitocin koyarwa na Jos da Shika su karɓi wanda ke buƙatar abin da ya fi haka.

Saura rajista. A rubuta wa kowane maras lafiya lokacin da ciwo ya fara, da na isowa, da na awo, da na allura, a zauna a duba duk wata. Muna ba da shawarar a ƙara layi guda a takardar: ainihin kalmomin da ya fara faɗa, da harshen da ya faɗe su.