Filin Ƙwallo Ko Ɗakin Karatu: Ina Kuɗin Jami'a Ke Tafiya?

Duk wanda ya taɓa zama da la'asar a Wad Haddad, ko a sauran garuruwan Hausawa da ke Jazira, ya san yadda samari ke tayar da ƙura a bayan ƙwallo har a kira magariba. Ba mu ga laifin wannan ba, motsa jiki lafiya ce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne maganar da muke yawan ji a bakinsu, wai a Amurka wasa ne ke ciyar da jami'a. Tun da iyaye ne ke sayar da dawa da tumaki su biya kuɗin makaranta, ya kamata mu auna wannan magana, kada mu yi wa rogo kallon kitse.

Gaskiya ne filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Amma alƙaluman hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, wato NCAA, sun nuna cewa a 2019, daga cikin manyan jami'o'i 130, kimanin 25 ne kawai wasanni suka kawo musu fiye da abin da suka kashe. Sauran kuwa sai an cike musu giɓi daga baitulmalin jami'a da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai, har da wanda bai taɓa taka fili ba. A Nuwamban 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami mai horar da 'yan wasanta, Jimbo Fisher, da alkawarin biyansa fiye da dala miliyan 75. An ce attajirai magoya baya ne suka ɗauki kaso mai yawa. To, madalla, sai dai kyautar da ta tafi fili ba ta je ɗakin karatu ba.

Asarar kuɗi ma da sauƙi a kan asarar mutuncin takardar shaida. A 2014 wani bincike ya bankaɗo cewa a Jami'ar North Carolina, daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai kusan 3,100 sun ɗauki darussan da babu shiga aji, babu malami, sai dai a miƙa ɗan rubutu a karɓi maki mai kyau. Kusan rabinsu 'yan wasa ne da ake so makinsu ya kai yadda ba za a hana su buga wasa ba. Abin takaici, a sashen nazarin Afirka da baƙaƙen Amurka aka yi wannan aika-aika. Yaron ya fita da takarda, kansa kuwa fayau.

Tun da daɗewa wasu suka gane cewa taura biyu ba ta taunuwa. A 1939 shugaban Jami'ar Chicago, Robert Hutchins, ya soke ƙungiyar ƙwallonta duk da sunan da ta yi. Bayan shekara uku, a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na filin da aka bari, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya.

A ƙasashenmu ba a kai ga irin wannan kashe kuɗi ba, amma tambayar me ake sa wa gaba tana nan. A Najeriya, malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, wata takwas cur azuzuwa a kulle. Duk da haka, a watan Maris aka yi gasar wasannin jami'o'i ta NUGA a Legas. Ba mu ce gasar ce ta jawo yajin ba. Mun dai ga an sami halin buɗe fili a lokacin da aka kasa buɗe aji.

A nan kusa da mu, Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna ne saboda likitocin da take horarwa a cikin ƙauyuka, ba don kofi ba. Yaƙi ya ci garin a Disamban 2023, sojoji suka karɓe shi a Janairun 2025, bayan an yi wa makarantu ɓarna mai yawa. Gyara zai ci shekaru, kuɗi kuma kaɗan ne. Fatanmu shi ne a fara da ɗakunan gwaji da littattafai da albashin malaman da yaƙi ya tarwatsa. Samarinmu sun saba kafa duwatsu biyu su ce raga ce, za su iya ɗan ƙara haƙuri.