Tirela a Tafin Hannu

(Kiɗan taken shiri. Ƙarar babbar mota tana hawan tudu, sannan ta lafa.)

Yau shirin namu ya yada zango a unguwar Bagama da ke cikin garin Suleja, kuma maganar manyan motoci za mu yi. Amma kada direbobi su gyara zama tukuna, domin tirelolin da muka zo kallo ba sa shan gas, ba sa buƙatar karen mota, kuma yaro ɗan shekara goma yana iya rungumar ɗaya ya ruga da ita gida idan an kira magariba.

Duk wanda ya tashi a Suleja, da ƙarar manyan motoci ya buɗe ido. Ga hanyar Abuja zuwa Kaduna ta bi ta gefen gari, ga kwanar Dikko inda ake ratsewa zuwa Minna, ga kuma daffon mai na Maje inda tankoki kan yi jerin gwano. DAF, MAN, Mack, da Howo ta ƙasar Sin, kowace da irin kukanta. Abin da ido ya saba gani kuwa, shi hannu ke ƙerawa.

Ku zo mu tsuguna kusa da wani yaro a bakin lungu. A gabansa akwai fasasshiyar jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa, da tsohon silifas, da tsinken tsire, da reza. Ya yanka jarkar ya fitar da kan mota. Ya kifa marfin kwalba a kan silifas, ya zagaye shi da reza, taya ta fito. Sai ya yi guda goma sha huɗu, don ya san tirela ba a ƙafa huɗu take tafiya ba. Ya ɗora ƙusa a garwashin mai shayi ya huda roba, ya zura tsinke. Gwangwanin maganin sauro ya zama tankin mai. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mahaɗar kai da bodi: ƙusa ɗaya ya kafa a tsaye, don idan ya ja zare ya sha kwana, kan ya juya bodin ya biyo baya, kamar yadda ya gani a titi. Babu malamin da ya koya masa wannan.

Mu da muka ɗan manyanta, da sillen kara muka yi tamu, wasu kuma da langa-langa ko waya. Roba ce ta zo ta karɓe fagen.

(Gajeren kiɗa.)

To, a wasu ƙasashe wannan ba wasan yara ba ne, aikin magidanta ne masu furfura. Kamfanoni irin su Italeri na Italiya, da Revell, da AMT na Amurka, da Tamiya na Japan, suna narka roba su zuba a mazubin ƙarfe, su fitar da sassan mota ɗaruruwa a cikin kwali ɗaya: inji, giya, sitiyari, madubi, har kujerar direba. Mai saye ya yanke kowane sashe, ya goge bakinsa, ya manna da wani irin gam mai narkar da fuskar robar har biyu su zama ɗaya, sannan ya yi fenti. Wasu har tsatsa da ƙura da ɗigon baƙin mai suke zanawa, don motar ta yi kama da wadda ta sha hanya. Mutum sai ya share watanni a kan mota guda.

Sirrin abin yana ga ma'auni. Yawancin tirelolin Italeri ɗaya bisa 24 ne, na AMT ɗaya bisa 25, na Tamiya masu tafiya da rimot kuwa ɗaya bisa 14. Ma'ana, idan tankar mai ta kai tsawon mita 12, a ma'aunin ɗaya bisa 24 za ta dawo rabin mita cif. Tayar da ta kai mita ɗaya za ta koma santimita huɗu da 'yan kai. Komai sai an raba shi da lamba ɗaya, daga bamba har fitilar baya. A ganina, nan kaɗai suka fi yaron Bagama. Ido yana da shi, haƙuri yana da shi, har ma ya fi su wahala, tunda shi ba a yanko masa komai a kwali ba. Rula ce babu, da wanda zai ce masa lissafin rabawa da ake bugunsa a kai a aji, ga inda yake aiki.

Suleja kuwa ta san darajar aikin hannu tun tana amsa sunan Abuja. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanen Ladi Kwali, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya buɗe a garin nan, yau ga hotonta a bayan takardar naira 20. Yumɓu ne fa, wanda ake takawa da ƙafa. An dai sami masu kallon da suka ɗauke shi da muhimmanci.

Saboda haka iyaye, musamman iyayenmu mata da kan share tsakar gida su haɗa da tarkacen yaro su watsa a bola, a riƙa dubawa kafin a zubar. Malaman firamare da na ƙaramar sakandare, ku sa yara su auna tayar mota da igiya, su raba da 24, su yanka. Ku kuma direbobi da makanikai na Maje, idan yaro ya tsaya yana leƙen ƙarƙashin motarku, in dai a kashe take kuma an sa mata waigi, ku nuna masa yadda kai ke kama bodi kafin ku kore shi.

A nan za mu ja birki. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Masu hanya, Allah ya kiyaye.

(Kiɗan rufe shiri.)