Yadda zaɓen taga ke shafar kuɗin wuta

A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40. A 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Zaɓen taga ya zama batun aljihu ke nan.

Tagar alminiyon mai zamewa rabinta kaɗai ke buɗewa. Luba kuwa kusan gaba ɗaya take bai wa iska hanya, sai dai ƙurar hunturu tana ratsa ta. Gilashi mai duhu yana rage haske, amma yana ɗaukar zafi ya saki wani ɓangare cikin ɗaki. Rumfa ko bishiya a gefen yamma ta fi shi tasiri, domin tana tare rana tun kafin ta taɓa gilashin.