Shirun tsoho da abin da hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa

A garuruwan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Riruwai, in tsoho ya fara kiran jikansa da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa, sai a ce gigin tsufa ne, a ci gaba da haƙuri da shi. Amma akwai wani hali da kan biyo baya, wanda iyali ke zubawa kwando ɗaya da gigin. Tsohon da ba ya rabuwa da rediyo sai ka ga ta yi ƙura a kan taga. A dama masa fura da hantsi, ta kai la'asar a rufe da faifai. In an matsa, ya ce, "Ku ƙyale ni, na zame muku kaya." Wannan shi likitoci ke kira ciwon damuwa, kuma yakan shiga jikin mai cutar mantuwa ya ɓuya a bayanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Galibinsu nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 ke damunsu.

Na'urar MRI, mai aiki da ƙaƙƙarfan maganaɗisu, tana yanka hoton ƙwaƙwalwa falle-falle ba tare da an taɓa kai ba. A wajen mai cutar Alzheimer, abin da ake fara gani shi ne tsukewar wani lanƙwasasshen sashe da ke can ciki saitin kunne, inda sabon abin da mutum ya ji ko ya gani ke fara sauka. Shi ya sa tsoho zai ba ka labarin zamanin da Turawa ke haƙar kuza tiryan-tiryan, amma ya rantse bai karya kumallo ba. A wajen tsofaffi masu damuwa kuwa, an fi yawan ganin wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikin zaren da ke haɗa goshin ƙwaƙwalwa da sassan da ke kula da farin ciki da kuzari. Ɗigon nan tabo ne na ƙananan jijiyoyin jini da suka ƙanƙance ko suka toshe. A 1997 George Alexopoulos da abokan aikinsa a Amurka suka kawo ra'ayin cewa lalacewar waɗannan jijiyoyi na iya haifar da damuwar tsufa ko ta zaunar da ita. Babban mai yin wannan ɓarna kuwa sananne ne a kowane gida: hawan jini, sai ciwon suga ya dafa masa.

A ganina nan ne amfanin binciken yake a gare mu. Tsohon da ya daina fita majalisa ba raki yake yi ba, bai kuma rasa tawakkali ba. Mai yiwuwa akwai tabo a jikinsa da ake iya gani.

Sai dai hoto ba ya yanke hukunci. Za ka samu tsoho kansa cike da ɗigon yana ta barkwanci, wani kuma hotonsa fes yana kuka a ɗaki. Bambancin sai an tara hotunan mutane da yawa yake fitowa, kuma akasarin masu hotunan Turawa ne. Inda hoto ke ceton rai shi ne in ya gano jinin da ya taru bayan faɗuwa, ko ƙari, ko ruwa, abubuwan da kan yi kama da gigi amma tiyata na iya gyarawa. Na'urorin suna manyan asibitocin birni irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wato daga Riruwai sai an ratsa dajin Falgore da tsoho, ga kuɗin mota ga na hoto. Wanda ya taɓa aikin haƙar ma'adinai ko walda ya faɗa wa ma'aikata tun kafin ya shiga, don maganaɗisun na iya motsa ɓarɓashin ƙarfen da ya maƙale a ido.

Magani ma ba a yi masa gaggawa. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a mujallar Lancet a 2011, ya nuna ƙwayoyin damuwa biyu da aka saba bayarwa ba su fi ƙwayar da ba komai a cikinta amfani ga masu cutar Alzheimer ba, sai ma ƙarin illa. Don haka likitoci kan fara da abin da ke hannun iyali: a zauna hira da shi, a fito da shi hantsi, a duba kunnensa da idonsa, a bar masa ɗan aikin da yake iyawa, ko da ɓarar gyaɗa ce.

Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya yi shiru fiye da mako biyu, ya rage ci, barci ya gagare shi, ku kai shi asibiti mafi kusa a auna jininsa. Wanda ke kai masa abinci kullum shi ya kamata ya raka shi, don shi zai iya amsa tambayoyin likita.